Fulawar Da Malam Yake Kira

Da butar ban-ruwa a hannunsa ya faɗi. Ina bakin murhu ina dama koko na ji ƙarar butar a kan daɓe, na waiwayo na ga Malam a kwance, ruwa na bin ƙasan rigarsa. Abin da na fara lura da shi, Allah ya yafe mini, shi ne bai faɗa kan fulawar ba. A gindinta yake tsaye, da ya tafi ta gaba da ya danne ta, amma sai ya murɗa jiki ya tafi ta baya, ya bugi turmi da kafaɗa. Daga baya ɗanmu Abba ya ce ai wanda jiri ya kwasa ba ya zaɓen inda zai faɗi. Ni da na zauna da mutumin nan shekara arba'in da ɗoriya na ce ya zaɓa.

Fulawar nan da nake faɗa wata 'yar bishiya ce mai ƙaya, tsawonta bai wuce ƙirjin mutum ba, masu ilimi na ce mata wardi. Furenta ruwan hoda ne, ninki a kan ninki, ƙamshinta kuwa idan safiya ta yi har zaure ake ji. Malam aikin lambu ya yi a gidan wani Balarabe Kwara a Bompai tun kafin a haifi Abba. Ranar da ya ajiye aiki ina jiran in ga abin da zai shigo da shi, sai ga shi da wani ɗan kara kamar asuwaki, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Ya fasa mini daɓen da na sha wahalar yi, jikin katangar gabas, ya dasa. Wai nan ne take samun ranar safe, inuwa ta rufe ta da azahar. Nan ne kuma nake shanya kuɓewata, amma ba wanda ya tambaye ni.

Shekara takwas ke nan. Idan ya dawo daga masallaci wajenta yake fara tsayawa kafin ya amsa gaisuwata. Rijiyarmu ta nan Dala ruwanta da ɗan zartsi, mu da shi muke wanka, ita kuwa sai an tsayar da ɗan garuwa an sayo mata na famfo. Ya san ganye nawa ta zubar jiya. Ni haƙorina na gaba ya fita, sai da ya kwana huɗu yana magana da ni bai gani ba. Ranar da aka ba mu takardar gama makarantar yaƙi da jahilci ta matan unguwa, na zo na tsaya a kansa na karanta masa sunana da bakina, Azumi, baƙi bayan baƙi. Ya ce madalla, bai ɗago daga almakashinsa ba. Ku riƙe wannan, don kada in zo gaba ku ce tsohuwar nan muguwa ce haka kawai.

Ciwon dai bai zo ba sallama ba, mu ne ba mu amsa ba. Tun kafin babbar Sallah yake cewa ƙeyarsa na sara. Idan ya sunkuya ya ɗago sai ya dafa katanga. Idonsa ya yi ja. Ya ce rana ce, ni ma na ce rana ce, don shekarar an yi bazara mai zafi, ita ce shekarar da soja suka ce za su koma bariki, gari duk fastar 'yan takara har jikin ƙofarmu. Ya riƙa aikawa kemis ana sayo masa ƙwayar ciwon kai. Ga goro, ga soyayyen naman layya da gishiri da ni da hannuna nake zuba masa. Duk wadda mijinta ya kwana uku yana dafe ƙeya ta tasa shi gaba a je a ɗaura masa abin awon nan a damtse, ko yana zagi. Ba a minti biyar ana yi.

Da muka kai shi ɗaki bakinsa ya karkace, yawu na zuba, hannun dama da ƙafar dama kamar ba nasa ba. Idonsa biyu, yana kallonmu, magana ce babu. Kafin rana ta take ƙanwarsa Hajiya Gaje ta iso daga Jakara. Ita wannan ba ta taɓa ganin ciwon da ba ta san sunansa ba. Ta leƙa ɗaki, ta fito tsakar gida, ta tsaya tana kallon fulawar, ta ce iska ce ta buge shi. Wai mutanen ɓoye ba abin da suke so kamar ƙamshi, mutum ya dasa musu wurin zama a tsakiyar gidansa, kullum yana kansu da almakashi, dole wata rana su rama. Ta ce a daina ba ta ruwa ta bushe, su tashi da kansu, sannan a tumɓuke.

Ban yarda da maganarta ba ko kaɗan. Amma daɗin da na ji, sai ka ce an zuba mini ruwan randa a ƙirji. Na ce, to Hajiya, yadda kika gani.

Kwana biyu muka riƙe shi a gida. Aka yi hayaƙi har gashin idona ya yi wari, wanzami ya zo ya yi masa ƙaho a ƙeya, aka kawo rubutu aka ɗura masa ya ƙware har ya yi shuɗi. Ban raina addu'a ba, har gobe ina yi, amma wanda ba ya iya haɗiyar yawunsa ba a ɗura masa ruwa. A kwana na uku Abba ya bar makarantar da yake koyarwa ya zo ya ce ko gwaggonsa za ta tsine masa sai ya kai ubansa asibiti. Mota ba ta shiga lungunmu, a kan kujera maza huɗu suka ɗauke shi zuwa titi. Ga layin mai a gari, tasi sai wanda ya ga dama, muka fi awa a bakin kwalta ina kare masa rana da mayafina.

Asibitin gwamnati ne. Layin kati daban, layin ganin likita daban, kowane sai ka ce rabon zakka. Sai bayan la'asar muka shiga. Likitan nan yaro ne, bai kai Abba ba, ya ɗaura abin awo ya matsa, ya sake, ya kuma matsawa, sannan ya dube ni ya ce, “Mama, yaushe ya faɗi?” Na ce shekaranjiya. Ya ajiye biro ya ce, “Me ya sa sai yau?” Hajiya Gaje ta shiga gyaran ɗankwali. Ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, sunansa sitirok. Kalmar nan ta zauna mini, na sa Abba ya rubuta mini ita a bayan kati. Gado kuwa sai washegari aka samu, a baranda ya kwana kan tabarma. Magani duk a waje ake sayowa, har auduga. Tumakina biyu da nake kiwo a can suka tafi, ban yi kuka da su ba.

Ɗakin maza ne, saboda haka Abba ke kwana, ni in zo da hantsi in tafi bayan magariba. Satin farko duk koyo ne. Wata sista doguwa, Allah ya saka mata, ita ta nuna mini yadda ake juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, da yadda ake tallafe kai a ba shi kunu rabin cokali ta gefen da yake da rai. Akwai wata gajeriya kuma, ita ko sallama ka yi sai ta harare ka. Ban manta da kowacce ba.

Gadon da ke kusa da namu wani Alhaji ne da ya karye a ƙugu. Wannan bawan Allah minti biyu ba ya yi bai kira matarsa ba. Hajiya fifita, Hajiya ruwa, Hajiya kina ina. Matar har ta gaji, ta ce mini ita dai da nata ma ya yi shiru kamar nawa, da ta huta da kunnenta. Ni ina wanke mutum, ina kwashe abin da ba a faɗa, ina jiran ranar da bakin nan zai buɗe in ji da me zai fara. A raina na riga na gama lissafi. Bayan sunan Allah ai sai nawa.

Fulawa kuwa tana gida ba ruwa. In faɗi gaskiya, ta sha ruwa, amma na wanki. Duk zanin gadon da na wanke da omo a gindinta nake sheƙa ruwan, abin da Malam ya hana tun ranar da ya dasa ta. Ganyen ya fara rawaya daga ƙasa, furannin suka sunkuya suka yi kalar shayi. Ina wucewa ina kallonta ta wutsiyar ido.

Ranar kwana tara, ina goge masa baki, Hajiya Gaje na zaune a bakin gado, sai na ga leɓensa na rawa. Ya yi ta kokawa da harshe, jijiyar wuyansa ta tashi. Na sunkuya na kai kunnena. Ya ce, “Fu… fulawa.”

Hajiya Gaje ta miƙe tana hamdala. Ta ce wa mutanen ɗaki Yaya ya yi magana, kuma yunwa yake ji, kunun nan ya ishe shi, abin fulawa yake marmari. Ta ce dama tun suna yara ba shi da abinci kamar gurasa. Matar Alhaji ta ce ai marar lafiya idan ya fara kwaɗayi sauƙi ya zo. Kowa ya ɗauka fulawar buhu yake nufi, ta burodi da taliya, tunda a bakinmu sunansu ɗaya.

Ni kaɗai na san wacce yake nufi, don ni yake kallo da ya faɗa. Ya kuma faɗa, idonsa a cikin nawa. Na ninke tsumman da ke hannuna na ce, “To Hajiya, sai a kawo masa gurasar.”

Sati na biyu da rabin na uku a kan haka suka ƙare. Hajiya Gaje ta tashi Jakara kaf. Yau gurasa da miyar taushe, gobe bandashe ya sha ƙuli da mai, jibi taliyar murji, fanke, har cincin. Ya ce fulawa, a tura masa gurasa a baki, ya kau da kai. A ce wannan ba ta yi laushi ba, a sake wata. Masu jinyar ɗakin nan sai da suka yi ƙiba. Likita ya zo zagaye ya tarar da kwanon bandashe a kan gado, ya yi faɗa sosai, ya ce mai da gishirin nan su suka kwantar da shi, kuma mutumin da ke ƙwarewa da kunu ina shi ina gurasa. Hajiya Gaje ta bari ya wuce ta ce yaran yanzu ba su san marmari ba.

Kullum zan zo sai ya bi hannuna da kallo, ko na riƙo wani abu. Ya ce fulawa. In ce masa, Malam ga kunu. Ina sane. Cewa nake a raina, ka kira ni sau ɗaya, ko da kuskure, in tashi yanzu in je in ba ta ruwa. Bai kira ba. Ban san lokacin cewa ba shi ke zaɓen kalmar da za ta fito ba, sai daga baya sista doguwa ta ce mini masu wannan ciwon wani da zagi yake farawa, wani da sunan akuyarsa. Ko da na sani ma ban tabbata da na huce ba.

Daga nan ya daina faɗa. Ya daina karɓar kunun ma. In kai cokali ya datse haƙora ya juya fuska bango. Kwana uku ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwan ledar da ake ƙara masa ta jijiya. Idonsa ya faɗa, ƙashin wuyansa ya fito. Likita ya ce idan ya kai jibi a haka za a zura masa roba ta hanci, ya kuma ce abin da ya fi damunsa mutumin ya saki jiki, kamar wanda ya fasa. A ranar kuma Hajiya Gaje ta ce ta yi magana da mai haƙar rijiya, ranar Asabar zai zo ya tumɓuke bishiyar, don ita ce ta riƙe masa maƙogwaro.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga Malam Tanko. Tare suka yi aikin lambu, yanzu yana sayar da shuke-shuke a bakin titi can wajen Nassarawa, sai a makon ya ji labari. Tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi, idan yana magana sai ka ce da mutumin ƙetaren titi yake. Ya gaishe mu, ya ja kujera, ya kama hannun Malam na hagu, ya ce yadda duk ɗakin zai ji, “Mutumina, kai kana nan kwance, wa ke ba fulawar taka ruwa a wannan zafin?”

Malam ya juyo daga bango. Bakin nan ya yi ta rawa, sai hawaye, ta ido ɗaya ma ya fi zuba. Ya damƙe hannun Malam Tanko ya ce fulawa, fulawa, har sau huɗu, da ƙarfin da ban ji ba tun da ya kwanta.

Hajiya Gaje ta dubi kwanon gurasar da ke cinyarta, ta dube ni. Ta ce, “Yaya Azumi, dama kin san abin da yake nufi?”

Na ce, “Na sani.”

Ta ce, “Tun yaushe?”

Na ce, “Tun ranar farko.”

Ba ta zage ni ba, da ta zaga ma da ya fi mini sauƙi. Abba ya sunkuyar da kai ya fita baranda. Matar Alhaji ta shiga yi wa mijinta fifita da sauri kamar an aike ta. Can sai Hajiya Gaje ta juya magana kamar ba ita ta kira mai haƙar rijiya ba, ta ce to ai sai a ceto bishiyar, gobe za ta turo surukarta ta riƙa zuwa tana ba ta ruwa, ita kuma da kanta za ta kawo wa Yaya furen farko. Wato ni in yi wanki da kwasar kashi, wata ta shigo da fure a hannu ya yi mata murmushi. Na ce ba mai taɓa mini bishiyar tsakar gida. Na ji bakina ya ce bishiyata, ni kaina na yi mamaki.

Washegari da sassafe Abba ya shigo da Malam Tanko. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasar gindin ya shinshina, ya ce wa ya zuba mata omo. Na ce ni. Ya yi kamar bai ji ba, kuma wannan karon na san ya ji. Ya kankare jikin wani reshe da farce, ya ga kore a ciki, ya ce da sauran rai. Na ɗauko littafina na makaranta, yana faɗa ina rubutawa, yana jira na don hannuna ba sauri.

Ya ce in kwashe ƙasar sama da ta sha sabulu, in yi ta kwarara ruwa mai kyau kwana uku ya wanke saiwar. Bayan nan ruwa da safe kawai, a gindi, kada ya taɓa ganye, kuma a ƙoshar da ita sau ɗaya ya fi a riƙa yayyafa mata. Takin akuya, amma wanda ya shekara, ɗanye ƙona ta zai yi. A rufe gindin da ɓuntun shinkafa don rana, a zagaye da toka don gara. Idan ƙananan ƙwari koraye sun taru a kan toho, a wanke su da hannu. Duk reshen da ya bushe a yanke har inda ya yi kore. Sai ya kama wani ganye ya nuna mini, ya ce in ƙirga 'ya'yansa. Wani uku ne, wani biyar. Ya ce idan fure ya gama, a bi reshen ƙasa har ganye mai 'ya'ya biyar, a yanke a samansa kaɗan, kuma a karkace, don kada ruwa ya zauna a kan yankan ya ruɓe. Ya maimaita mini wannan sau uku. Ya ce Malam a kan yankan nan ya taɓa yin wata guda ba ya yi masa magana.

Na yi aikin nan da almakashin Malam, ƙaya ta yi mini zane har gwiwar hannu. Da na gama ba abin da ya rage sai sanduna biyar a tsaye. Na tsayar da ɗan garuwa da bakina, ni da na yi shekara takwas ina mita a kan haka. Ina zuba ruwan ina gaya mata ba don ke nake yi ba.

Da na je asibiti na zauna na ce, Malam, na ba ta ruwa. Ya dube ni, ya dubi zanen ƙayar da ke hannuna, ya daɗe yana kallo. Na kai cokali ya buɗe baki. Ba a zura robar ba.

Daga nan ciniki muka koma. In ce sai ka sha cokali goma in gaya maka ko ta yi toho. Ya sha, yana hararata. Ranar kwana goma sha ɗaya da yankan ta fito da wasu 'yan ganye jajaye, na tsinko ɗaya na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na kai masa. Ya karɓa da hagu, ya kai hanci, ya ɗora a ƙirji, ya wuni da shi. Ni da na kawo, ko kallo na biyu ban samu ba. Na fita baranda na ci gurasar Hajiya Gaje don haushi, don har lokacin ba ta daina kawowa ba.

Sati na biyar aka fara kai shi gashi, ana lanƙwasa masa hannu da ƙafa. Ƙafar ta fara amsawa, hannun ya ƙi. Mai gashin ta koya mini in riƙa gasa shi da ruwan ɗumi, in buɗe yatsun ɗaya-ɗaya, in sa nawa a ciki in ce ya matse. Safe da yamma nake yi. Ko motsi.

Ana cikin haka aka rantsar da farar hula. Wani ya kawo rediyo ɗakin, marasa lafiya da ba sa iya tashi suna ta musu a kan wa zai gyara ƙasa. Wasu masu manyan riguna suka zo duba mu, aka raba bokitin roba da sabulu, aka ɗauki hoto, gajeriyar sistar nan har da murmushi. Abin da na gani da idona shi ne famfon bakin lungunmu da ya shekara a bushe ya kawo ruwa kwana biyu. Mata na ta guɗa. Ni duro biyu na cika na rufe, na ce na fulawa ne, wanda ya taɓa ni da shi. A bokitin 'yan siyasar nake ɗiba.

Sati shida cif aka sallame mu, da ƙwayoyi da sharaɗin ba gishiri ba goro. Da aka shigo da shi ya ƙi a kai shi ɗaki, ya yi ta nuni da haɓa sai da aka ajiye kujerarsa jikin katangar gabas. Nan ya koma wuni. Magana ta riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, ina rubuta su a bayan littafina yadda mai gashi ta ce. Ruwa. Allah. Abba. Zafi. Tanko. Har Gaje ya faɗa, ranar ta kusa taka rawa a tsakar gidana. Kalma goma sha bakwai na ƙirga, tawa ba ta ciki. Idan yana so na sai ya buga sandarsa a ƙasa, kamar mai kiran kaza.

Aka yi ruwan farko, aka yi na biyu, ta ƙunsa fure bakwai. Da suka buɗe ƙamshi ya cika gidan har maƙwabta na leƙowa ta katanga. Ba zan yi ƙarya ba, abin da kyau. Ya zauna a gabanta yana murmushi da rabin baki, irin wanda ban samu ba ko ranar da aka kawo ni gidan.

Bayan kwana biyar furen farko ya fara zubewa. Na gama gasa masa hannu da safe, na sa yatsuna a cikin nasa na ce matse, bai matse ba, idonsa ma na kan bishiyar. Na tashi na ɗauko almakashi. Na san yadda ake yi, yana rubuce a littafina, an maimaita mini sau uku. Na tsaya inda zai gan ni sosai, na kama reshen, na wuce ganye mai biyar ban kula shi ba, na nemi mai uku, na datse shi a kwance kamar ina yanka rake. Ya buga sanda. Ban waiwaya ba. Na kama reshe na biyu na saita almakashin a wuri ɗaya. Ya kuma buga sanda, har sau uku. Na fara matsawa.

“Azumi.”

Ya fito tsaf, ba rawa ba gargada. Na tsaya da almakashin a buɗe, ban juyo ba, na ce, “Wa ake kira?”

Ya ce, “Azumi. Biyar. A… a karkace.”

Na ce, “Au, ashe ka san sunan.”

Ya ce, “Kin ɓata.”

Na ce to tunda na ɓata ga kayanka, ka gyara. Na zo na ɗora masa almakashin a tafin hannun dama, don nan ne ya fi kusa da ni, ina jiran in ji ya faɗo ƙasa. Yatsun nan da na yi wata guda ina gasawa, da ba su taɓa matse nawa ba, suka lanƙwasa a hankali suka damƙe shi.